Neman kalma: me za mu kira manhajar da ke karanta wa makafi kwamfuta?

Malamin kwamfuta, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da darasin mu'amalar mutum da kwamfuta, wato yadda ake tsara manhaja ta yi wa mai aiki da ita sauƙi, kuma a zangon nan akwai makafi a ajina. Manhajar da ke faɗa musu abin da ke cikin kwamfuta ko waya da murya, Turawa na kiran ta screen reader: irin su JAWS da NVDA a kwamfuta, VoiceOver a iPhone, TalkBack a Android. Lacca da Turanci nake yi, amma ainihin bayanin da ke shiga kai da Hausa ake yin sa bayan an tashi. Na gaji da cewa "sikirin rida". Ina ɗan cewa "mai karanta allo", sai dai bai kwanta mini ba. A taimaka.

Mai fassara a gidan rediyo:
Wa alaikumus salam Malam. Ai ka gama aikin, ka dunƙule shi kawai: makarancin allo.

Wata ɗaliba mai gani:
Yallaɓai, in na je gida na ce ƙawata ta sayi makarancin allo, kakata cewa za ta yi almajirin wane tsangaya aka sayar?

Malamin kwamfuta, Kano:
Kin faɗi ɗaya. Babbar matsalar kuwa ita ce manhajar ba allon take karantawa ba. Sunan Turancin ma gado ne. A 1986 kamfanin IBM ya fitar da wata manhaja da Jim Thatcher ya yi mai suna Screen Reader, daga baya sunan ya bi duk ire-irenta. Zamanin DOS ne, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kafin Windows, allo layi 25 ne na haruffa tamanin-tamanin, abin da ke kai shi ake karantawa. Da Windows ta zo da hotuna da tagogi sai aikin ya sauya. Yanzu manhajar tambayar kwamfuta take yi ta bayan fage: wannan abin mene ne sunansa, maɓalli ne ko mahaɗi ko kan magana, a kunne yake ko a kashe? Shi ya sa mai iPhone zai iya duhunta fuskar wayar gaba ɗaya, VoiceOver na ta aikinta. An ƙara wa na zamani dabarar gane hoto, amma wannan agajin gaggawa ne, ba shi ne tushen aikin ba.

Ga inda abin ke cuta ta a aji. Ɗalibi mai ido in ya ji "mai karanta allo", sai ya ɗauka abin yana kallo kamar yadda shi yake kallo. Sai ya zana maɓalli da hoton kwandon shara, bai saka masa suna a ciki ba. Makaho ya zo kai, abin da zai ji shi ne "maɓalli", shi ke nan. Na gogewa ne, na aikawa ne, Allah masani.

Wani dattijo, tsohon hedimasta:
To ɗana, me ya hana ɗan jagora? Kowane Bahaushe ya san aikinsa, ba sai an yi dogon bayani ba.

Ɗaliba makauniya, mai aiki da NVDA:
Baba, a yi mini afuwa, wannan kam ba mu so. Duk wanda ya ji ɗan jagora, hoton da ke zuwa masa shi ne yaro a gaba riƙe da sanda, tsoho a baya riƙe da ƙoƙo. Abin da muka shigo makaranta don mu rabu da shi kenan. Kuma ba ja na take yi ba. In na buɗe shafi, H nake dannawa in riƙa tsallake kanun magana har in kai wanda nake so. Tab ya kai ni maɓalli na gaba. In ta cika surutu in taɓa Ctrl ta yi tsit. Na ƙara mata sauri har ƙanwata ke cewa ba ta jin ko kalma ɗaya. A waya ma haka, in shafa dama ta faɗi abu na gaba, in buga sau biyu ya buɗe. Ni ke cewa je ki, ni ke cewa tsaya.

Af, mu dai a tsakaninmu duk "JAWS" muke ce musu, ko da NVDA ce, don shi ya riga shiga hannun yayyenmu tun fitowarsa a Windows a 1995. Wani baƙo ya taɓa jin na ce JAWS ɗina ya ƙi magana, ya zaci garin Jos nake nufi. NVDA sai 2006 wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka faro ta, kuma kyauta ce, shi ya sa ta fi yawa a wajenmu.

Tsohon hedimasta:
Na janye, 'yata. Allah ya yi miki albarka.

Mai fassara:
Tafinta fa?

Ɗaliba makauniya:
Yaya, tafintan da bai iya Hausa ba? Muryar Turanci ce ke karanta mini saƙon Hausa, sai kunne ya saba kafin a gane. In ta iso kan ƙ ko ɗ ko ɓ, wani lokaci ta haɗiye harafin, wani lokaci ta ɓata kalmar duka. Ba ta juya magana daga harshe zuwa harshe, abin da aka rubuta shi take furtawa.

Wani malamin Islamiyya, Zariya:
Maganar yarinyar nan ta ba ni amsa. Ku tuna zaman tafsiri a watan azumi. Akwai malam, akwai alaramma a gefensa mai jan baƙi. Mai jan baƙi ba ya fassara, ba ya ƙari, ba ya ragi. Abin da ke rubuce yake fitarwa da murya. Malam ya ɗaga hannu ya tsaya, ya ce maimaita ya maimaita, ya ce ci gaba ya ci gaba. Fahimta da hukunci na malam ne. To wannan manhaja ita ce mai jan baƙi, makahon shi ne malamin. Ku ce manhajar jan baƙi.

Malamin kwamfuta, Kano:
Allah ya gafarta Malam, wannan ta shige ni. Babu allo a ciki, kuma ta nuna wa ɗalibaina gaskiyar aikin: abin da ba a rubuta ba, ba a jan sa. Maɓallin da ba a raɗa wa suna ba, babu baƙin da za a ja.

Tsohon ɗalibin makarantar makafi ta Gindiri:
Ni Kirista ne, kuma ban ga laifin aro daga zauren tafsiri ba, don ko a boko baƙi da wasali aka koya mana. Tambayata daban ce. Mu da muka tashi da rubutun Birel, ɗigo shida na Louis Braille, mun san manhajar nan ba murya kaɗai take fitarwa ba. Ana haɗa ta da wata na'ura mai ƙananan ƙusoshi da ke tasowa suna komawa, mutum ya karanta da yatsa. Wanda ba ya gani kuma ba ya ji, da ita yake aiki. Jan baƙi ya ɗauki wannan?

Malamin Islamiyya:
Ya ɗauka, ɗan'uwa. Baƙin ne dai ake jawowa, ko a miƙa wa kunne ko a miƙa wa yatsa.

Ɗaliba mai gani:
Ku yi haƙuri in sake ɓata muku. Rabin mutanenmu ba sa saka lanƙwasa a waya. Za su rubuta "manhajar jan baki". Ni da na gani, na mata na shafa wa leɓe ya faɗo mini.

Ɗaliba makauniya:
Wallahi kuwa, ita kanta manhajar haka za ta karanta sunanta.

Mai fassara:
Wannan mai sauƙi ne, a sauya ginin kalmar. Hausa na da ƙirar da ke haɗa ma- da aikatau da abin da aka aikata: ma-ga-takarda ya ba mu magatakarda, ma-ji-daɗi ya ba mu majidaɗi. To ma-ja-baƙi: majabaƙi. Ko an yar da lanƙwasar aka rubuta majabaki, ba wanda zai tafi kantin kayan kwalliya. Kalma ɗaya ce, namiji, tana karɓar mallaka: majabaƙina, majabaƙin waya. In ana son jam'i a ce manhajojin majabaƙi, kada a wahalar da harshe.

Malamin kwamfuta, Kano:
Na gwada ta a jimlolin da nake faɗa kullum. "Kunna majabaƙi ka kashe allo, ka cike fom ɗin da ka tsara." "Majabaƙi ya tsallake hoton nan, ba ka rubuta masa bayani ba." "Wane majabaƙi kike aiki da shi?" Duk sun zauna. Da ita zan shiga aji ranar Litinin. 'Yata, ke da abokanki ku ne masu abin, in kun ƙi ta, ta faɗi.

Ɗaliba makauniya:
Zan kai musu, Malam. JAWS dai ba zai bar bakinmu da wuri ba, amma a rubutu da gaban aji na yarda da majabaƙi. Saura na'urar ƙusoshin nan da Baba na Gindiri ya ambata, ita ma har yau ba ta da suna.