Ajina ya koma rabi tunda aka fara yankan shinkafa

Malamin sakandare: Jama'a, raina a ɓace yake. Tunda aka fara yankan shinkafa a Kadawa, ajina na ƙaramar sakandare ya koma rabi. Yaron da ya fi kowa lissafi na gani a bakin injin casa a Kura, buhu a ka, ƙaiƙayi har gashin ido. Ya ce, "Malam, a nan kafin magariba kuɗina na hannuna." Haka za mu zuba ido yaranmu su ƙare a leburanci?

Mai injin casa: Leburanci? Mu da muke ciyar da Kano da shinkafa kake kira leburori? Malam, janye wannan kalma.

Malamin sakandare: Alhaji, ba da kai nake ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne. Yaron nan bai wuce 13 ba.

Mai injin casa: Kyauta? Wa ke sayen yunifom da littattafai? Dako sana'a ce, ba sata ba.

Mai NCE: Kawu, ka yi haƙuri, amma lebura lebura ne. Ni ma shi ne. Takardata ta NCE, shaidar malanta, na cikin akwati, kwandon tumatir nake lodi a Kwanar Gafan. Ƙanena yana kallona kullum, da wane baki zan ce masa ya zauna a aji?

Hajiya: Duk maza kuke lissafawa. 'Yan matan da ake cirewa a kai su aikatau cikin birni fa?

Ɗan Bunkure: Mutanen Kura ne dai, da kun ga ruwan dam ɗin Tiga a kwalbati sai ku manta da allo da biro.

Ɗan Kura: Ku da naku ke tafiya ci-rani Legas tun ba su iya rubuta sunansu ba? Kuma shinkafar wa kuke ci?

Ɗan Bunkure: Ruwan ai ta wajenmu yake biyowa kafin ya iso muku.

Hajiya: Ba wanda zai amsa mini?

Shugaban zaure: To, ya isa haka. Kowa ya ga kalmar "lebura" ba ta dace da masu neman halal ba, don haka Malam ya ba Yaya Alhaji haƙuri. Injinan Kura suna rufa wa gidaje da yawa asiri, wannan ba mai musu. Maganar yara da ta Hajiya a bar ta sai an gama kaka.