Wa ya taɓa gwada lissafin dukiyar Scrooge McDuck?

Abban Yara: Assalamu alaikum. Jiya autana ya tsare ni: tsohon toron agwagwar nan na katun mai ninƙaya cikin kuɗi, kawun Donald Duck, nawa gare shi? Na ce da yawa. Ya ce wai "da yawa" ba adadi ba ne. Wanda ya taɓa gwadawa ya cece ni.

Malamar Lissafi: Wa alaikumus salam. Bara na ba ɗalibaina wannan aikin. Carl Barks, wanda ya ƙirƙiro shi a 1947, ya auna kuɗin da ke rumbun ajiyarsa da eka uku har da zurfi, alhali eka awon fili ce. Sai muka mai da kowace eka akwati mai mita 63.6 ta kowane gefe, ukun suka ba mu kusan mita kubik 772,000. Muka cire kashi 40 cikin ɗari na gurbin da ke tsakanin tsaba. Muka ɗauka duka zinariya ce. Mita kubik ɗaya na zinariya tan 19.3 ne, muka tashi da kusan tan miliyan tara. Duk zinariyar da ɗan Adam ya taɓa haƙowa kuwa kaɗan ta haura tan dubu 200. Ninki arba'in ke nan! Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ranar da ya fito da ita kasuwa ai ta zama tagulla." Shi na ba cikakken maki.

Maƙerin Zinariya: Malama, ni ninƙayar ce ta tsaya mini a rai. Na daɗe a wannan sana'a, sandar kilo ɗaya tafin hannu take cikawa, amma sai ka ji ta a wuyan hannu. Wanda ya yi tsalle cikin wannan tulin sai mai ɗori.

Yaya Babba: Ku yi haƙuri, kun biye wa katun. A tsofaffin mujallun zanen da na karanta ina yaro, yawancin abin da ke rumbun tsabar kashewa ce ta azurfa da takardun kuɗi. Kuma ba a nan ma'adinansa da rijiyoyin mansa suke ba. Da muka yi musu da abokina, mujallar Forbes muka kai wa ƙara: dala biliyan 28.8 a 2007, biliyan 65.4 a 2013. Su ma dai raha suke yi. Mutumin da har yau yake ɓoyon senti goman da ya fara samu a wankin takalmi a birnin Gilasgo na Sikotland, wa zai buɗe wa littafinsa?

Abban Yara: Na gode ƙwarai. Na ba shi na Forbes. Ya ɗauki biro ya fitar da zakka, ta haura dala biliyan ɗaya da rabi, yanzu yana tambayata wa zai je karɓowa a hannun wannan marowacin.