An bar jaki ana dukan taiki

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum. Ranar Juma'a limaminmu ya kawo wannan karin magana a huɗuba, yana sukar iyayen da suke zuwa makaranta su ci mutuncin malami don ya tsawata wa ɗansu. Bayan an idar da salla wani dattijo ya ce liman bai ajiye maganar a gurbinta ba, tunda malamin ma da hannunsa a lamarin. Ina neman ra'ayin manya.

Baƙatsine: Wa'alaikumus salam. Ni ina bayan liman, domin ana faɗinta ne idan an kasa tunkarar mai laifi aka huce a kan wanda ba shi da gata.

'Yar Maraɗi: Malam, ka yi mini uzuri, kakata ba haka ta ɗauke ta ba. Mijinta bafatake ne, kuma ta ce ya kan buga sanda a kan taiki da gangan, jaki ya ji ƙarar ya ƙara sauri ba tare da an ji masa ciwo ba. Ita ma haka take tafiyar da gidanta. Idan matar ɗanta ta cika gishiri a miya, ba za ta ce mata uffan ba, saboda kunya. Sai ta kira mahaifiyata, wadda ko murhun ba ta kusanta ba, ta yi ta yi mata faɗa a tsakar gida har amarya ta jiyo daga ɗaka. Washegari miya ta gyaru, kuma ba a taɓa jin kansu ba. Mahaifiyata dai har yau tana cewa ba ta yafe ba.

Bakano: Hajiya, Allah ya jiƙan kaka, amma ai mahaifiyarki ce shaidar Baƙatsine. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, mai adaidaita sahu ne yake shan zagin fasinja kullum, waɗanda muka zaɓa kuwa ko ƙarar sandar ba ta shiga motocinsu.

Baƙatsine: Waɗannan sai lokacin zaɓe suke jin kira.

Ɗan Zazzau: Dattijon nan kuma cewa ya yi da liman ya ce a daki jaki a daki taiki, kamar yadda masu sulhu suke yi, da ya fi dacewa.

'Yar Maraɗi: To a huɗubar, wane ne jakin, yaron ko uban nasa?