Wai gurguzu iri nawa ne?

Ɗan_Karatu: Salam 'yan uwa, don Allah a warware mini, kowa sai ya ce shi ɗan gurguzu ne amma kuma sai ka ga suna ta faɗa da juna, ina suka rabu ne?

Malam_Tarihi: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Rigimar ta daɗe, tun 1872 aka kori Bakunin, wani ɗan gwagwarmaya ɗan Rasha, daga ƙungiyar ma'aikata ta duniya a taron birnin Hague saboda saɓaninsa da Karl Marx, shi Marx yana ganin sai ma'aikata sun ƙwace gwamnati tukuna, shi kuwa Bakunin ya ce gwamnatin ita ce cutar, ko ɗan leburan da ka ɗora a kai zai koma azzalumi. Daga baya Bernstein a Jamus ya ce a bi zaɓe da majalisa a gyara sannu a hankali, Rosa Luxemburg ta ce sam, kwaskwarima ce kawai ga jari-hujja. Lenin kuma ya zo da jam'iyya mai tsauri ta ja juyin juya halin 1917 a Rasha.

Hajiya_Bincike: Malam ka manta Mao, shi kan manoma ya dogara a Sin. Ga Nyerere da Ujamaa, wato gurguzun haɗin gwiwar ƙauyuka, a Tanzaniya, 1967. Ni dai gaskiya ina bayan masu zaɓe, saboda abin da Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, ya yi wa abokan tafiyarsa, har Trotsky sai da aka bi shi Meziko aka kashe a 1940.

Ɗan_Karatu: To Hajiya masu zaɓen ba su bar jari-hujja a wurinsa ba?

Hajiya_Bincike: Sun bar shi ɗana, jam'iyyar SPD ta masu zaɓe a Jamus ma ta ajiye aƙidar Marx a 1959, amma ma'aikaci ya samu fansho da inshorar lafiya.