Su suka cika sama da hayaƙi, mu za a hana girki?

Mai_Gawayi:
Salamu alaikum jama'a. Sana'ata sayar da gawayi a Kano. Ɗan yayana da ke jami'a ya sa ni gaba, wai irinmu ne ke jawo hamada. Wani dattijo a majalisarmu kuma ya rantse cewa sauyin yanayin nan dabarar Turawa ce don kada mu mori man fetur da gas ɗinmu. Hujjarsa: Buhari ya je taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 ya ɗauki alkawarin Najeriya za ta daina ƙara hayaƙi a sama nan da 2060, ga Trump ya sake zare Amurka daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a 2025. Yanzu dattijon da ɗan yayan nawa ko gaisawa da ƙyar. Wa ke da gaskiya?

Bakatsine:
Baba dattijo bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Hayaƙin da Afirka duka ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba. A taron sauyin yanayi na Baku a 2024 ƙasashe masu tasowa suka nemi dala tiriliyan 1.3 a shekara, aka ce musu biliyan 300. A da Turawa sun ja baya daga zuba kuɗi a harkar gas, yaƙin Yukiren na ɓarkewa sai ga su a Afirka suna neman gas ɗin. A ƙarasa mana bututun gas na Ajaokuta-Kaduna-Kano (AKK) tukuna, sannan a yi mana wa'azi.

'YarYerwa:
Malam Bakatsine, munafuncinsu bai sa zafin ya zama ƙarya ba. Da dam ɗin Alau da ke kusa da Maiduguri ya ɓalle a Satumban 2024, mu muka kwana a sansani. Masu cewa sauyin yanayi ne kawai suna wanke waɗanda suka yi sakaci da gyara, masu cewa sakaci ne kawai kuma kamar ba su ga ruwan da aka sheƙa a daminar ba.

ƊanDamagaram:
Mai gawayi, a wajenmu tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka daina sassabe tohon kututture, suna barin gawo ya tashi cikin gero. Ana ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo. Ba taron ƙasashe ya kawo haka ba. Manomi ne ya ga itacen ya zama nasa, ba na 'yan gandun daji ba.

Mai_Gawayi:
Madalla, na gode. Amma ɗan'uwa, tohon nan shekara nawa yake yi kafin a iya sassaka reshensa? Matan unguwarmu dai gas ya fi ƙarfinsu, kullum da asuba suna ƙofar rumfata.