Wa ke saita taimin a motar da ba ta da distiribita?

Direban Aboabo:
Assalamu alaikum. Tasi nake ja a Kumasi, ƙirar 2007. Kwanan nan in na cika fasinja na kama hawan Mampong, sai injin ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙarfinsa kuma ya ragu. Na ce wa fita, wato makanike, ya saita mini taimin, lokacin da filogi ke ba da wuta, ya ce irin wannan ba a saita mata. Fijo 504 ta babanmu da hannu ake murɗa distiribita har ƙarar ta ɗauke. To ita wannan wa ke saita ta? Da ita nake ciyar da iyali.

Tsohon fita, Suame Magazine:
Wa alaikumus salam, ɗana. Fitanka ya faɗi gaskiya. Fetur ba ya gama ƙonewa nan take, don haka dole filogi ya ba da wuta kafin fistin ya kai ƙololuwa. A silo, wato mota na tsaye inji na aiki, wajen digiri 10 ne na juyin kiranshaf kafin ƙololuwar, in inji ya ɗau gudu yana iya haura 30, domin fistin ya ƙara sauri amma wutar ba ta ƙara sauri kamarsa ba. A 504 ƙarafa da sifirin da ke cikin distiribita ne ke wannan aiki. A taka kwantirol bod ne, wato kwamfutar injin. Jikin kiranshaf akwai faifai mai haƙora, da yawa mai gurbi 36, kowanne digiri 10, an cire ɗaya ko biyu a matsayin alama. Sensa na ƙirga su, ta kamshaf kuma tana faɗin silindar da ke kan layi, sai bod ya duba nauyin da ke kan injin da zafinsa, ya umarci koyil. Kowane tartsatsi da lissafinsa.

Ƙarar nan ragowar mai ce ke fashewa da kanta kafin wutar filogi ta iso gare ta. Kada ka raina ta, ni da idona na ga fistin da ta cinye wa baki.

Mai na'ura, Asawase:
Baba ya gama magana. Ƙari kawai, Yaya: akwai wata sensa a jikin bulok da ke sauraron wannan ƙara. Da ta ji, bod zai ja wutar baya, shi ya sa ƙarfi ke raguwa a hawa. Tunda har kunnenka na ji, ya ja iyakar jansa ke nan, ko kuma sensar ba ta isar da saƙo. A sa na'urar gano matsala, in lambar P0325 ta fito, wadda ke nuna matsala a layin wannan sensa, a bi wayar sensar kafin a sayi sabuwa.

Direban Aboabo:
Allah ya saka da alheri. In babu lamba fa?

Tsohon fita, Suame Magazine:
Sai ka bar tanki ya yi ƙasa, ka zuba fetur RON 95, wanda ya fi jure fashewa da kansa, a maimakon 91, ka sake hawan. In ƙarar ta ragu, a duba baƙin da ya taru a kan fistin, da lambar filogi, da ruwan lagireto. Kafin nan ka riƙa sauko da giya tun daga gindin dutsen.