Ruwan sigarin lantarki ne ya fasa min tanki, ko zafin Kano?

Abban Hanifa:
Salamu alaikum. Wata bakwai ke nan da na ajiye karan sigari na koma na lantarki. Tankina, wato inda ake zuba ruwan sigarin, na roba ne, garau, ana hango ruwan ciki, kuma tun farko mai ƙamshin mangwaro nake zubawa, lafiya lau. Ranar Laraba mai shago ya ce ya ƙare, ya miƙo min mai kirfa da lemon tsami. Na cika bayan isha'i na ajiye a kan durowa. Da asuba sai na tarar robar ta yi dishi-dishi, ga siraran tsagu sun taso daga wajen da ake murɗawa. Kafin azahar ya tsiyaye min a aljihun farar shadda. Da na koma, mai shagon ya dage yar da shi na yi, ko na bari a mota rana ta dake shi. Wallahi bai faɗi ba, ni ko motar ma ban da ita. Abin da ya ɗaure min kai, kwalbar da ruwan ya zo a ciki ita ma roba ce, ga ta nan ƙalau. In ruwan ne, me ya hana shi cin ta?

Sani na Sharaɗa:
Wa alaikumus salam. Abban Hanifa, roba suna ne ya tara. Shekarata goma sha ɗaya a kamfanin roba, abin da ke narka wata ko gezau ba ya sa wata. Daga bayaninka tankin nan folikabonet ne ko akirilik. Suna da tauri da kyan gani, amma ba sa shiri da man kirfa, kanumfari da na ɓawon lemo. Asalin ruwan, wato sinadarai biyu da ake kira PG da VG, ba ruwansu, filebon ne, wato abin sa ƙamshin, mai ɓarnar. Ka lura daga ina tsagun suka fara? Daga wajen murɗi, inda robar take a matse dama. Man ya tausasa ta, matsin ya ƙarasa aiki. Da faɗuwa ce da tsaga ɗaya za ka gani daga inda ya bugu, kuma ba zai yi hazo ba.

Juya gindin kwalbar ka nemi lamba cikin kibiyoyi uku. 1 PET ce, irin ta ruwan gora. 2 da 4 dangin leda ne da jarka, 5 kuwa PP, irin ta bokitin fenti. Folikabonet a 7 ake cusa ta tare da tarkace. Ni dai shawarata ka nemi tankin gilashi ka huta.

Malama Rabi:
Gaskiyar Malam Sani ne. Ina nuna wa ɗalibaina wannan a aji: hura balam-balam, ka matsa ɓawon lemon zaƙi a jikinsa, sau da yawa nan take yake fashewa. Limonin ke nan, man da ke cikin ɓawon. Farin soson da ake kare sabon talabijin da shi a kwali ma yana cinye shi. Roƙona ɗaya, ruwan da ya kwana a tankin nan kar ka zuƙe shi don jin asara. Da BPA, sinadarin da ake fargabar illarsa ga lafiya, ake yin folikabonet, ga shi kuma za ka ɗora a wuta ka kai huhu.

Ɗan Fagge:
Abin da ya ci roba a dare ɗaya shi kake tambayar wace kwalba za ka zuba? Allah ya yaye mana, Alhaji.

Abban Hanifa:
Amin, Ɗan Fagge, ana kan hanya. Malam Sani na duba, 1 ce. Sauran ruwan fa? Ina da tsohuwar robar maganin ɗigon ido mai taushi, na ce ko in ɗan riƙa ɗiba a ciki saboda fita.

Sani na Sharaɗa:
Ba za ta fashe ba, irin masu taushin nan galibi lamba 4 ce, sai dai ƙamshi na ratsa ta, bayan 'yan makonni ka ji ruwan ya yi salam. Amma don Allah kar ka fara. Nikotin a robar maganin ido, a gidan da ke da yara? Cikin dare ko kai sai ka ɗiga. Bar shi a kwalbarsa mai murfin da sai an danna ake murɗewa, ka ɗora saman sif inda rana ba ta kaiwa, Hanifa ma ba ta kaiwa.